An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Waya Da Karatun Yaran Gwarzo Da Kabo

Akwai wata magana da ta zama tamkar wuridi a bakin manya 'yan shekarun nan, musamman malaman makaranta da iyaye da kuma waɗansu daga cikin 'yan'uwanmu marubuta da suka kwana biyu a fage. Wai waya ta kashe karatu. Wai yaran yanzu ba sa karanta komai, ba su san na gaba da su ba, ba su ma san kansu ba, sun zama bayin ɗan gilashin da ke tafin hannunsu. A wurin ɗaurin aure za a faɗa, a wurin ƙaddamar da littafi za a faɗa, ko a tasha ana jiran mota ta cika sai an sami wanda ya taso da ita, kowa ya gyaɗa kai, a ce Allah Ya shirya mana zuri'a, a watse. Maganar tana da daɗin faɗa, domin kuwa ba ta aza wa mai faɗarta nauyin komai. Ƙarfe ya zaga, ƙarfe kuwa ba ya ramawa. To, mu dai ba mu yarda da ita ba, kuma za mu kawo dalilanmu, ko da za a ce da girmanmu mun koma bin 'yan zamani.

Da gangan muka kafa maganar a kan Gwarzo da Kabo. Birnin Kano yana ruɗin mai nazari, domin a can akwai 'ya'yan masu hali da suka buɗi ido suka ga kwamfuta a falon gidansu, in ka dube su sai ka ɗauka haka kowa yake. Amma mai karatu ya hau titin Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya wuce Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, ya dangana da Gwarzo, wajen kilomita 70 daga birni, gab da iyakar Jihar Katsina. A nan ne zai ga yaron da ake ta zagi a bayan idonsa. Da safe yana aji. Da damina in an tashi yana gona da fartanya, da rani yana lambu ko shagon ɗinki ko wurin gyaran babur. Da yamma yana Islamiyya ko gaban alaramma. Bayan sallar lisha kuwa yana zaune a dakalin da ke jikin shagon mai cajin waya, shi da sa'o'insa biyar ko shida, kowa ya sunkuya, fuska tana haske kamar an kunna aci-bal-bal. Ƙanwarsa ba ta zaman dakali, amma ita ma tana ƙuryar ɗaki da wayar innarta ko ta yayarta. Wannan yaro da ƙanwarsa gida biyu gare su. Na farko kowa ya san shi, an san wa ke shiga wa ke fita. Na biyun kuwa, yawancin masu zaginsa ba su taɓa leƙa ko da zaurensa ba, daga nesa suke tsayawa suna jifa.

Wa ya tura yaran can tun farko? Ga wanda ya manta, bari mu tuna masa. A 2013 hukumar JAMB ta fara yin jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta, daga 2015 ta soke takarda da fensir baki ɗaya. Daga 2021 ta ce ba rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa. Yaro zai tura saƙo zuwa 55019 daga layin waya wanda ya zama nasa, a ba shi lambar da zai sayi fom da ita. Ta wannan layin za a riƙa aiko masa da bayani. Ranar jarrabawa zai zauna gaban kwamfuta ya amsa tambaya 180 cikin awa biyu. Sakamako ta waya, karɓar gurbin karatu ta intanet. A 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara gwada kwamfuta ga masu zana jarrabawarta daga waje, kuma gwamnatin tarayya ta shelanta aniyarta ta mai da jarrabawar kammala sakandare kan wannan tafarki. Ke nan babu wani ɗan Getso ko Kutama ko Garo ko Gude da zai taka ƙofar jami'a ba tare da ya bi ta cikin waya da kwamfuta ba. Hukuma ce ta gina wannan ƙofa, ita ta ce ta nan kaɗai za a shiga.

To, yaya aka shirya shi? A yawancin makarantun kwana waya kayan laifi ce, ana binciken akwati dominta kamar ana neman ƙwaya, in an kama a ƙwace. A makarantun jeka-ka-dawo na karkara kuwa, darasin kwamfuta sau da yawa a jikin allo ake yin sa: malam ya zana akwati da alli, ya ce wannan ita ce fuskarta, wannan kuma linzaminta, yara su kwafa a littafi, su haddace, su ci jarrabawar zango. Akwai yaran da ranar da za su fara ɗora yatsa a kan madannan kwamfuta ita ce ranar da ake auna makomarsu, sai fa wanda ubansa ya iya biya masa kuɗin koyo na mako biyu a wani shago. An hana mutum taɓa ruwa shekara shida, ranar ƙarshe aka jefa shi kogi, da ya nutse aka ce lalaci ne. A 2025, da sakamako ya fito aka ga fiye da miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai maki 200 ba, kafin a yi binciken komai an riga an yanke hukunci cewa TikTok ce. Bayan 'yan kwanaki hukumar da kanta ta fito ta amsa cewa na'urorinta sun cuci ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ta sake musu jarrabawa. Ba mu ji masu hukuncin farko sun dawo sun janye ko kalma guda ba.

Sai kuma a tambayi masu cewa waya ta raba yaro da aji: wa ya rufe ajin? A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka garƙame makarantu har wajen Oktoba, aka ce yara su saurari darasi a rediyo. A Fabrairun 2021, bayan satar ɗalibai a Ƙanƙara da Kagara da Jangebe, gwamnatin Kano ta rufe waɗansu makarantun kwana da ke bayan gari da manyan makarantu huɗu, cikinsu har da makarantar nazarin muhalli da ke nan garin Gwarzo. A 2022 malaman jami'a suka shiga yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Gida guda sai ka tarar ƙane da wa da yaya kowa ya sha nasa zaman. Duk tsawon waɗannan watanni abu ɗaya ne bai rufe ƙofa ba, shi ne wayar nan da ake zagi. A watan Yunin 2024 gwamnan Kano ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya faɗa da bakinsa cewa miliyoyin yara a ƙasa suke zama suna ɗaukar darasi. Waya ce ta cinye bencinan? Ita ce ta yaye rufin kwanon? Ita ta bar malami guda da yara fiye da ɗari?

Mu zo ga abin da ya fi shafarmu, wato zancen cewa ba sa karatu. Wanda ya faɗi haka ya roƙi wata 'yarsa ko ƙanwarsa ta buɗe masa wayarta ya gani. Zai tarar da zaurukan WhatsApp inda marubuciya ke sakin labarinta shafi-shafi kowace rana, zai tarar da Wattpad da Facebook cike da littattafan Hausa, waɗansu tsawonsu ya ninka Ruwan Bagaja sau goma. Yarinyar da ke Kabo tana karanta shafi talatin a dare guda, ta yi sharhi, ta yi faɗa da wata da ke Gusau a kan ko ya dace tauraruwar labari ta koma gidan mijinta, ta tara 'yan ɗaruruwan naira daga cinikin awara ta biya don a sa ta cikin zauren masu kuɗi. A da, yayarta sai ta jira mai zuwa Kano ya sayo mata littafi a kasuwar Sabon Gari, ko ta aiki yaro shagon haya, littafin ya zo ba bango, shafin ƙarshe ya yage. Muna da yaƙinin ba a taɓa yin zamanin da Bahaushe ya karanta Hausa kuma ya rubuta ta a kowace rana kamar wannan ba. Har wanda ya bar firamare a aji huɗu yau yana harhaɗa baƙaƙe don ya aika wa budurwarsa saƙo. Abin da Yaƙi da Jahilci ya yi ta fama a kai a shekarun 1950, ga shi son hira ya yi shi a ɓagas.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne gajeren tunanin waɗansu daga cikin masu sukar. Ashe har an manta? Lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa, me aka ce? An ce littattafan soyayya sun lalata 'yan mata, sun hana su karatun boko, sun koya musu bijire wa iyaye. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana ɓarin tawada a jaridu, irin su Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suna cewa a bar yara su karanta, karatu ne ke jawo karatu. A 2007 har wuta aka cinna wa littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Yau fa? Littattafan nan ake nazari a jami'o'i ana karɓar digiri a kansu. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba an fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012. 'Yan matan da aka ce za su lalace su ne malaman makaranta da ma'aikatan jinya na Gwarzo da Kabo a yau, su ne iyayen yaran da ake zagi. Ga shi kuma waɗansu da aka kira 'yan kasuwa jiya, su ne yau ke kiran marubutan waya 'yan bola, da irin kalmomin da aka jefe su da su, ko waƙafi ba su sauya ba.

Mun san inda ke yi musu ƙaiƙayi, kuma muna tausaya musu. Kasuwar littafin takarda ta durƙushe, takarda ta yi tsadar da buga kwafi dubu ya zama kasada, shagunan haya sun koma sayar da caja da gilashin waya, sannan wani marar tsoron Allah zai ɗauki littafin da ka yi shekara biyu kana rubutawa ya watsa shi kyauta a zaure ɗari. Wannan cuta ce, kuma dole a yi maganarta. Amma a kira ta da sunanta. Haushin kasuwa daban, kishin tarbiyya daban. Wanda cinikinsa ya mutu kada ya sa rigar wa'azi ya ce al'umma ce ta mutu.

Kada kuma marubutan waya su ji wannan su fara tafi, domin yanzu za mu juyo kansu. Rubutun da yawancinsu ke yi abin kunya ne ta fuskar ƙa'ida. An mai da z ta koma x, sai ka ga "xan xo". An mai da ƙ ta koma q, sai "qauna". Ana liƙa h a wutsiyar kowace kalma, "dah" da "nah" da "toh". "Ya ce" da "ta ce" da "a cikin" duk an haɗe su kamar an ɗaure da igiya, "saboda" ta koma baƙi uku, "na gode" ma haka. Ƙugiya kuwa an yi mata jana'iza, ba a bambanta ƙasa da kasa, ko ƙafa da kafa, ko ɗaka da daka. Baƙaƙen nan masu ƙugiya tun shekarun 1930 suke cikin rubutun boko, an zauna a Bamako a 1966 an ƙara daidaita ƙa'idojin, masana sun ƙarar da rayuwarsu a kai. Yaron da ya karanta shafi dubu na irin wancan rubutu, idonsa ya riga ya saba, ranar jarrabawar Hausa abin da zai zuba ke nan, ya faɗi harshen da ya sha a nono.

Sai dai a nan ma, a bi sawun ɓarawo har gida. Wa ya koya musu daidai suka ƙi? Malamin Hausa a sakandaren karkara ya zama kamar ruwa a Sahara, inda aka rasa sai a miƙa darasin ga duk wanda ba shi da aiki a wannan sa'a, tunda wai ai kowa Bahaushe ne. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, ba a tanadi littattafai ko malamai ba, a Nuwambar 2025 aka soke tsarin aka koma Ingilishi zalla. Ke nan wuri guda da ya rage wa yaron Gwarzo ya rubuta harshensa kullum shi ne wayarsa, malamansa a can kuwa sa'o'insa ne da su ma ba wanda ya koya musu. Ga wani abin takaici: madannan rubutu na yawancin wayoyin nan suna da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ duk a ciki, minti biyu ya isa a kunna. Yara da yawa ba su sani ba, don ba a taɓa gaya musu ba. Littattafan shekarun 1990 ma da kurakurai suka fito, kuma dalilin guda ne, wato rashin edita, tun da kamfanin NNPC na Zariya ya ja baya kowa ya koma buga wa kansa. Ciwon tsoho ne, sabuwar riga kawai ya sa.

Batsa ma akwai ta, ba mu musu. Akwai masu rubutun da ba za a iya karanta shi a gaban surukai ba, kai ko a gaban madubi, kuma yara 'yan shekara goma sha huɗu suna isa gare shi. A da uwa takan tsinci littafi a ƙarƙashin matashi, yanzu waya tana da makulli. Amma hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano, wadda aka kafa a 2001, yaya za ta yi da marubuciyar da ba a san sunanta na yanka ba, ba a san ko a Kaduna take ko a Jidda ba? Ashanar 2007 ba ta da abin da za ta kama. Hanya guda ta rage, a ajiye wa yarinya labarin da ya fi wancan daɗi a wurin da take karatu. Mai jin yunwa abin da ke gabansa yake ci.

Duk wannan bai kai abin da ya fi damunmu ba, wato mutumin da ake ƙerawa a gida na biyu. A gida yaro sunansa Sani ko Ɗanlami, yana durƙusawa ya gai da kawunsa, ba ya haɗa ido da babansa. A waya sunansa Yarima ko Ɗan Alhaji, hotonsa a jingine da motar da ba tasa ba, yana iya zagin malami mai furfura da ya haife shi ya yi jika da shi, don ya san ba za su taɓa haɗuwa a masallaci ba. Yarinyar da a gida ba ta iya faɗin sunan yayanta saboda kunya, a can tana hira da wanda ba ta san ko hoton nasa ne ba. Kunya a wurinmu aba ce da ke rayuwa da idon mutane, a can kuwa ba ido. Karatun addini ma haka. A zaure ana farawa daga Ƙawa'idi, a je Ahalari da Ishmawi da Iziyya kafin a taɓa Risala, malam yana ganin fuskar almajiri ya san inda ya gane da inda bai gane ba. A waya kuwa yaro zai sami guntun bidiyo na minti ɗaya da aka yanko daga tsakiyar raddi, gobe ya zo yana gyara wa kakansa salla. 'Yan siyasa sun gano wannan taska tuntuni, suna sayen matasa da kuɗin data su yini suna zagin wanda ba su taɓa gani ba. A 2024 kuma aka ga annobar mainin, samari har da magidanta sun wuni suna ƙwanƙwasa gilashi da yatsa don wani abu wai shi Hamster Kombat, kowa yana lissafin gidan da zai gina, da aka fashe a watan Satumba yawanci abin da suka samu bai mai da kuɗin datar da suka ƙona ba. Muna tambaya: waɗanda suka san lissafi, suka san cewa ba a rabon arziki haka, ina suke a watannin nan? Suna dakalinsu suna cewa Allah Ya shirya. Ba wanda ya rubuta wa yaran shafi biyu da Hausa mai daɗi ya bayyana musu wa ke cin ribar ƙwanƙwasar.

Ga kuma inda alƙalami ke da hannu dumu-dumu. Mai karatu ya ɗauki littafi ashirin daga waɗanda ke yawo a waya, ya duba inda taurarinsu suke zaune. Maitama da Asokoro, in an yi ƙasa-ƙasa Nasarawa ta Kano. Saurayin likita ne da ya dawo daga Ingila, ko matuƙin jirgi, ko sojan da ba ya dariya. Ana karin kumallo a kan tebur, ana hutun amarci a Dubai. Ƙauye ba ya fitowa sai in za a ɗauko 'yar aiki ko muguwar kishiya ko boka. Yarinyar da ke karanta wannan a Lakwaya ko Durun, ga turmi a tsakar gida ga akuya a ɗaure, darasin da take ɗauka kowane dare shi ne rayuwa a wani wuri ake yin ta, nan inda take jira kawai ake yi. Wannan ya fi batsa illa, don ita batsa mai karanta ta ya san laifi yake yi, wannan kuwa shiga yake ba sallama. Ina labarin mai noman rani a bakin madatsar Guzuguzu? Ina na saurayin da ya tafi ci-rani Legas da babur ya dawo da Yarbanci a bakinsa da tabo a ƙafa? Ina na yarinyar da ta ci jarrabawa aka rasa kuɗin mota zuwa wurin tantancewa? Abubakar Imam bai ji kunyar Kwantagora ba. Yaron da bai taɓa ganin garinsu a cikin labari ba, kada a yi mamaki in ya ƙirƙiri wani gari da wani suna ya sa a shafinsa.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo, a 2025 aka ɗaga ta zuwa jami'ar kimiyya da fasaha. Abin murna ne, kuma mun yi murna. Amma ƙofarta ita ma ta cikin kwamfutar JAMB take. In aka ci gaba da koyar da linzami da alli, ana ƙwace waya ana cewa an yi tarbiyya, to, 'ya'yan da suka yi makarantun kuɗi a birane su za su cika kujerun, yaran da aka haifa a jikin katangar su sayar musu da ruwan leda da katin waya.

Akwai wani rukuni kuma da ba za mu ƙyale ba, masu tallan zamani, waɗanda a wurinsu da an ce intanet an gama magana. Su ne masu cewa a raba wa yara na'ura kowa ya koya wa kansa, duniya tana tafin hannu. Wace duniya? A farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Yaron da zai zaɓa tsakanin kallon darasin lissafi na minti arba'in da Ingilishin Amurka da kuma hirar kwana uku a WhatsApp da kuɗi guda, mun san abin da zai zaɓa, mu ma da shi za mu zaɓa. Wuta kuwa sai a biya mai janareta. Sannan manhajojin nan da ke amsa tambaya sun zo, ɗalibi ya ba su aikin gida su rubuta masa, ya kwafe bai karanta ba, malamin da bai san da su ba ya ba shi maki. Kuma duk rumfar da aka kafa a filin aro ce. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwambar 2023, kowa ya kwashi kayansa ya nemi wata inuwa. Na'ura ba ta maye gurbin babba mai sani da zai zauna kusa da yaro.

Wannan babban shi ake nema, kuma a ƙungiya irin tamu yake. Ga 'yan'uwa masu shekaru a fage: littattafanku su shiga waya da hannunku, da farashin da mai sayar da awara za ta iya biya, kafin ɓarawo ya shigar da su kyauta. Wanda ya iya ƙa'idar rubutu ya ɗauki marubuciya ɗaya daga cikin na waya ya duba mata shafi goma, ba da gatse ba, ya nuna mata inda ake raba "ya" da "ce". Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa cikin matan nan akwai masu hannu, abin da suka rasa mai gyara ne. Ku kuma masu tasowa da ke rubutu da babban yatsa, ba mu ce ku daina ba, ba mu ce sai kun buga a takarda kafin ku amsa sunan marubuta ba. Ku kunna ƙugiya a wayoyinku, ku nemi Magana Jari Ce da Ganɗoki ku ga yadda ake gina jimla, ku sauko da taurarinku daga Maitama ko da na babi guda ne.

Sannan zaman karatun da ake yi a birni, inda fuskoki ashirin ɗin nan suke haɗuwa suna yaba wa juna, a fitar da shi ko sau ɗaya a zango. A kai shi Gwarzo, zango na gaba a kai shi Kabo, ranar Asabar da hantsi, a roƙi aron aji guda. A gayyaci 'yan sakandare maza da mata da malamansu na Hausa, a gaya musu tun a takardar gayyata cewa kowa ya zo da wayarsa, ba mai ƙwacewa, daga cikinta zai karanto mana abin da ya rubuta, a gyara masa a allo kowa yana gani. Kuɗin motar daga Kano bai fi abin da ake kashewa a lemo da ruwan roba a taron ƙaddamarwa guda ba. Wanda za a ɗora wa shirin ya tuna ya tanadi janareta da soket mai baki da yawa, domin rabin waɗanda za su zo cajinsu ya kusa ƙarewa.